Waya Ba Ta Gyara Tambaya

Ka taɓa ganin mai tattara bayanan lafiya a ƙauyukan Baure ko Mai'adua riƙe da waya maimakon fom? Ko binciken lafiya na ƙasa, NDHS, ya koma na'ura a 2018. Amfanin a fili yake: manhaja irin ODK tana aiki ko babu sabis, kuma ana iya saita ta ta ƙi amsar da hankali ba zai ɗauka ba.

Amma fa kar a ruɗe ka. Idan uwa ta ce ɗanta na zazzaɓi, ma'aikaci ya danna maleriya ba gwaji, haka kuskuren zai isa Katsina, a tsara magani a kansa. Takarda ko banza tana da gefen rubuta shakka. Kafin sayen waya, a horar da mai tambaya.