Bod Mai Walƙiya Ba Ya Ƙara Wa Gem Gudu

Daga Ikara zuwa Makarfi har Hunkuyi, gidan gem ba baƙon abu ba ne: shago ɗaya, benci biyu, talabijin da PlayStation, ga ƙaramin janareta yana ƙugi a baya. Sabon yayin shi ne samarin da suka ɗaura niyyar haɗa kwamfutar gem da hannunsu. Yawancinsu a YouTube suka koya, kuma nan ne gizo ke saƙar. Malamin nasu yana zaune a ɗaki mai sanyi a Amurka ko Jamus, wutarsa ba ta ko ƙiftawa, wani lokacin ma kamfani ne ya aiko masa kayan. Shi kuwa namu yaron, kuɗin raken bana ya haɗa da na POS, ya hau mota a Tashar Yari ya nufi Beirut Road a Kano, idonsa a kan bod mai fitilu ja da kore.

Ni a ganina asarar kuɗi ce. Bod, wato babban allon da komai ke hawa kansa, ba shi ke zana hoton wasa ba. Wannan aikin katin hoto ne da furosesa. Ka ɗora furosesa Ryzen 5 5600 a kan bod ɗin B450 mai sauƙin kuɗi, ka sake ɗora shi a kan X570 mai tsada, ka kunna eFootball ko EA Sports FC: idonka ba zai ga bambanci ba. Haka Z790 na Intel, an yi shi ne don masu matsa wa furosesa ya wuce gudunsa na asali, abin da mai zama ƙarƙashin rufin kwano a watan Afrilu bai kamata ya ko yi mafarkinsa ba. Sayen sirdin azurfa ne alhali dokin bai ci dawa ba.

Da za a tambaye ni, zan ce a tsaya kan soket ɗin AM4 na AMD. Tun 2016 yake, bod ɗinsa na B450 ya fito a 2018, B550 a 2020, kuma har 2024 kamfanin yana fitar masa da sababbin furosesa. Ma'anar wannan a wajenmu ita ce kayansa sun cika kasuwa, sabo da tokumbo, in sun lalace mai gyara a PZ a Zariya ya san su. Wanda ya gaje shi, AM5 na Satumban 2022, ba ya karɓar RAM sai DDR5, don haka komai sai ka sayo sabo. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, farkon 2024 ta haura 1,500. Duk ƙarin dala 50 da Bature ke cewa ba komai ba ne, a nan kuɗin taki ne. Na yarda AM4 ya zo ƙarshen hanyarsa, kuma mai sola da kuɗi a hannu in ya sayi B650 na AM5 bai yi laifi ba. Amma nawa ne irinsu a Kudan?

To me za a duba? Riƙe bod ɗin a hannu, ka kalli gefen soket ta sama da hagu. Za ka ga jerin ƙananan baƙaƙen murabba'ai, su ne ke tace wuta kafin ta shiga furosesa, kuma su ne suka fi ɗaukar zafi. In akwai guntun alminiyam a kansu, madalla. In tsirara suke, kamar yadda ake gani a yawancin A320, ajiye shi, domin da zafi ya yi yawa kwamfutar da kanta za ta rage gudu ana tsakiyar wasa. Ga kuma ƙurar hunturu. Galibin X570 suna da 'yar fanka a jikinsu, wadda ƙura ke toshewa ta fara ƙara kamar sauro. B450 da B550 ba su da ita, kuma wannan rashin alheri ne a gare mu.

Sai BIOS, wato manhajar da ke cikin bod ɗin. Tsohon B450 ba zai gane Ryzen 5000 ba sai an sabunta shi, kuma in wuta ta ɗauke ana cikin sabuntawar, bod ɗin na iya mutuwa nan take. Kada ka zo gida ka gwada sa'a. Ka sa mai shago ya yi a gabanka, ya kunna, ya gwada kowane ramin RAM ɗaya bayan ɗaya kafin ka ƙirga kuɗi. Bod mai maɓallin sabunta BIOS a bayansa ya fi kwanciyar hankali. Kuma tunda intanet ɗinmu daga waya ko MiFi take zuwa, bod mai Wi-Fi ya fi mai fitila amfani nesa ba kusa ba.

Masu gudun tsada su ma suna faɗawa rami. Akwai bod ɗin X99 da ake odarsa daga Sin haɗe da tsohon Xeon, farashinsa kamar kyauta. Windows 11 ba ta amince da waɗannan furosesa a hukumance ba, ga shi Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025. Tsofaffin kwamfutocin ofis irin su Dell OptiPlex kuwa, da yawansu mahaɗar wutarsu ta kamfani ce, ba ta kowa da kowa ba, ranar da ka so ƙara kati mai ƙarfi sai ka tarar babu inda za ka jona shi.

Rarar kuɗin da ka samu, raba ta biyu. Kaso ɗaya ga katin hoto, ɗayan ga akwatin wuta na kamfanin da aka sani da kuma UPS, saboda wutar da ke dawowa da ƙarfi bayan an ɗauke, da janaretan da ke shaƙewa in mai ya kusa ƙarewa, ba sa tambayar nawa ka sayi bod kafin su ƙona shi.