Shin Mai Littafi Ta Cuci Mai Karatu?

Akwai wani irin littafi da ake kira labarin bincike. A cikinsa za a kashe mutum ko a yi sata, ba a san wanda ya yi ba. Sai mai bincike ya yi ta bin alamu ɗaya-ɗaya, kamar yadda ake bin sawun ɓarawon shanu a daji, har ya kai ƙofar mai laifi. Daɗin irin wannan littafi shi ne kai ma da kake karantawa kana cikin masu bin sawun.

A fagen nan ba wadda ta yi suna kamar Agatha Christie, mutuniyar Ingila. A 1926 ta fitar da wani littafi wanda har yau ana gardama a kansa. Da Faransanci sunansa Le Meurtre de Roger Ackroyd, wato Kisan Roger Ackroyd. An fassara shi a 1927, kuma da shi aka buɗe jerin littattafan nan masu rawayar bango da ake kira Le Masque. In kana da niyyar karanta shi, to ka sani zan tona asirinsa a nan, don ba yadda za a yi hukunci a kan gardamar sai an tona.

Ga labarin a taƙaice. An kashe wani attajiri, Roger Ackroyd, da wuƙa a ɗakinsa. Mai ba mu labarin likitan ƙauyen ne, Dokta Sheppard, abokin mamacin. Shi ke rakiyar mai bincike, Hercule Poirot, duk inda ya sa ƙafa. Mai karatu zai zargi barori, ya zargi dangi, ya zargi baƙon da aka gani da dare. Sai can a ƙarshe ta bayyana likitan nan da muke saurare tun shafin farko shi ne ya yi kisan. Da ɗan gari akan ci gari.

Da littafin ya fito, masu karatu suka rabu biyu. Wasu suka fusata, suka ce an ci amanarsu. Hujjarsu ita ce mai ba da labari kamar jagora yake, in jagora ya ɓatar da kai da gangan, ai ba wasa ba ne kuma. Wasu kuwa, har da marubuciya Dorothy Sayers, suka tsaya mata, suka ce aikin mai karatu ne ya zargi kowa. A 1929 wani marubuci, Ronald Knox, ya tsara dokoki goma na irin wannan labari, ta farko ta hana mai laifi ya zama wanda aka bar mai karatu ya shiga cikin tunaninsa. A 1998 wani Bafaranshe, Pierre Bayard, ya rubuta littafi sukutum yana cewa Poirot ma ya yi kuskure, ƴar'uwar likitan ce mai laifi. A 2013 kuma ƙungiyar marubutan labarin laifi ta Ingila ta zaɓe shi a kan ya fi kowane littafi na irinsa.

In na ba manyan ɗalibaina na ajin yaƙi da jahilci wannan labari da baki, su ma biyu suke rabuwa. Wasu su ce wannan ai halin Gizo ne, su yi dariya. Wasu su ɓata rai, su ce abin da aka rubuta a littafi bai kamata ya zo da yaudara ba.

To, ni ga ra'ayina. Christie ba ta cuci kowa ba. Likitan bai yi wa mai karatu ƙarya ba, tsallake ya yi. Ya faɗi cewa an kawo wa Ackroyd wasiƙa da ƙarfe 9 saura minti 20, shi kuma ya fita ɗakin 9 saura minti 10. Abin da ya yi cikin minti goman nan ne bai faɗa ba. Ya kuma ci minti goma daga gida zuwa ƙofar shinge, tafiyar da ba ta wuce minti biyar ba. Duk wannan yana nan baƙi a kan fari. Poirot ya ƙirga, mu ba mu ƙirga ba, don mun ga likita ne, mai ilimi, mai daɗin baki. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Ba na ce littafin ba shi da aibi ba. Dabarar na'urar ɗaukar murya, wadda ta sa aka ji Ackroyd yana magana bayan ya mutu, ta yi kama da ƙulli na ganganci. Kuma mutuwa ba ta da nauyi a ciki: an kashe mutum, amma da wuya ka ga mai baƙin ciki na gaske. Wanda ya san zaman makoki a Arewa zai ji wannan giɓi.

Amma darasinsa ya shafe mu kai tsaye. Sabon mai karatu yakan ɗauka duk abin da ke takarda gaskiya ne cikakkiya. Nan haɗarin yake. Manomin Matankari ko Gecheme da ya kai wake ko gujiya sikeli, ko ya sa hannu a takardar bashin taki, ko ta jinginar gona, ba kullum ƙarya ke cin sa ba. Sau da yawa abin da aka tsallake ne: ba ranar biya, ba iyakar gona, ba sunan shaidu. Saboda haka in an miƙo maka takarda, ka tambayi kanka abu uku. Wa ya rubuta? Me zai samu? Me bai faɗa ba?

Neman mai laifi ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Kakanninmu sun kai ƙara wurin dutsen Tunguma a Lugu, kuma masu bin sawu suna nan har yau. A Nijeriya an buga labaran laifi da Hausa tun 1982, kamar Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare. A Mali kuma Moussa Konaté ya ƙirƙiro Kwamishina Habib, mai bincike a Bamako da ƙasar Dogon. Me zai hana wani daga Dogon Dutsi ko Tibiri ya rubuta mana namu, na buhun hatsi da ya ɓace a rumbun tsimi, da alamu a fili don mai karatu ya gwada basirarsa? Wanda ya iya kama likitan Christie a cikin littafi, da wuya a rufe shi a kasuwa. Allah ya ƙara mana fahimta.