Tutiya ta ciri tuta

Jama'a, duk mai son ya ga aikin bincike da ya amsa sunansa, ya nemi takardar da Patrick Bowen da Jaroslaw Drelich da Jeremy Goldman na jami'ar Michigan Tech a Amurka suka fitar a mujallar Advanced Materials a 2013. Tubarkalla! Ni dai ban gaji da yabonta ba, ba kuma zan gaji ba.

Idan jijiyar zuciya ta toshe, likita kan cusa mata 'yar ragar ƙarfe ta buɗe hanyar jini. Aikin ragar na watanni ne, amma takan zauna a jiki har ƙarshen rai. Shi ya sa aka daɗe ana farautar ƙarfen da zai gama aikinsa ya narke. An gwada maganiziyam, sai ga shi da gaggawa, yana lalacewa tun jijiya ba ta warke ba, yana kuma fitar da iskar haidirojin. An koma ga baƙin ƙarfe, shi kuma nawa ta yi masa yawa, ga tsatsa tana taruwa.

Sai waɗannan gwanaye suka waiwayi tutiya, wadda ake shafa wa kwanon rufin ɗakunanmu don kada ya yi tsatsa. Kai, wannan tunani ya burge ni! Suka dasa siririyar wayar tutiya a babbar jijiyar cikin ɓeraye, suka bi ta har wata 6. A watannin farko abin da jiki ke ci daga wayar bai kai maikiromita 20 a shekara ba, daga baya saurin ya ƙaru. Bayan wata 4, kusan kashi 70 cikin 100 na jikinta yana nan. Wato tana tsayawa daram lokacin da ake bukatarta, ta fara sallama lokacin da jijiya ta murmure. Me likita zai nema da ya wuce haka? Ga shi ba ta kumbura nama da iska, domin iskar oksijin take amfani da ita wajen narkewa. Jiki ma ba baƙuwarsa ba ce: babban namiji na bukatar miligiram 11 a kullum, kuma ƙwayarta ce ake ba yara masu gudawa.

Masu ƙorafi za su ce tsantsar tutiya ba ta da ƙwari. Gaskiyarsu, marubutan ma ba su ɓoye ba. Amma ai maganin a fili yake: a gauraya ta da maganiziyam, ko litiyam, ko jan ƙarfe, ko azurfa, kuma kan haka masu bincike suka duƙufa tun daga lokacin.

Ɗalibanmu na kimiyyar ƙarafa da na likitanci, don Allah ku nemi wannan takarda ku karanta ta da alƙalami a hannu.