Romani a Idon Otto Mueller: Abin da Ya Zana da Abin da Ya Bari

A cikin masu zanen Jamus da suka rungumi salon Ekspireshanizim, wanda ke fifita abin da zuciya ke ji a kan abin da ido ke gani, kaɗan ne suka shaƙu da al'ummar Romani kamar Otto Mueller. A 1910 ya shiga ƙungiyar Die Brücke, wadda aka kafa a Dresden a 1905. Abokansa irin su Kirchner suna zuba launuka masu zafi, shi kuwa mai sanyin hannu ne. Yakan haɗa fenti da ruwan danƙo ya shafa a kan algarara, sai zanen ya fito a dushe kamar bangon ƙasa.

Daga 1924 ya riƙa barin Breslau, inda yake koyarwa, yana zuwa Hungari da Romaniya da yankin Balkan, yana zama cikin Romani. Abin da ya tsinto ya fito a 1927 cikin wani kundi na hotuna 9 masu launi, waɗanda aka zana a kan dutse aka buga a takarda. Akwai mata, da iyali kewaye da wuta, fuskoki dogaye, idanu a tsuke, babu mai murmushi. A wani sanannen zanensa uwa ce da ɗanta, lofe a bakinta, ƙafar keken doki a bayan kanta ta zame mata da'irar hasken da masu zanen coci ke yi wa Maryama. Mutanen da ake kora daga gari zuwa gari ya ɗora a matsayin tsarkaka, kuma wannan karamci ne da ba a raina shi.

Sai dai akwai abin da babu shi a hotunan, kuma rashinsa yana ci wa mai kallo rai. Babu ɗan sanda. Tun 1899 'yan sandan Munich ke da ofishi na musamman na tattara bayanan Sinti da Roma, rassa biyu na al'ummar Romani. A 1926 jihar Bavaria ta yi dokar da ta ba da damar tura ɗan Romani da ya haura shekara 16 gidan aikin dole har shekara 2 in bai nuna tsayayyar sana'a ba, a 1927 kuma Prussia ta umarci a ɗauki zanen yatsunsu. Yawon da Mueller ya ɗauka 'yanci, sau da yawa kora ce ta haddasa shi, kuma da yawansu ma zaunannu ne masu gida da sana'a. Mutanen hotunansa ba su da suna. Burinsa na tsere wa birni da masana'antu ya ɗora musu.

Wani mai zanen Jamus, Otto Pankok, ya bi wata hanya. Daga 1931 ya yi ta zama da Sinti a Heinefeld, gefen Düsseldorf, yana zana su da gawayi, kowa da sunansa, har da wata yarinya mai suna Ehra.

Mueller ya rasu a 1930. A 1937 'yan Nazi suka kwashe ayyukansa 357 daga gidajen tarihi, suka baje wasu a Munich a matsayin gurɓataccen zane. Pankok ya rayu har ya ga an kwashe mafi yawan waɗanda ya zana zuwa sansanonin mutuwa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya wallafa hotunansu a 1947, ya kuma tsaya wa waɗanda suka tsira wajen neman matsuguni da diyya.