Tsufa a Kan Hanya: Al'adar Tafi-da-gidanka ta 'Yan Fansho a Amurka

Quartzsite wani ɗan gari ne a hamadar jihar Arizona, kudu maso yammacin Amurka. Ƙidayar 2020 ba ta samu mutum dubu uku a cikinsa ba. Da bazara zafinsa kan haura digiri 40, ba mai tsayawa sai direban da ya ratse shan mai. Amma da zarar hunturu ya kama, musamman a watan Janairu, sai dajin da ya kewaye garin ya cika maƙil da fararen tireloli, dubbai a kan dubbai, iya ganinka. Masu su galibi masu furfura ne, miji da mata, waɗanda suka baro Kanada da jihohin arewacin Amurka inda dusar ƙanƙara ta toshe ƙofar gida. Mutanen ƙasar suna kiransu tsuntsayen dusar ƙanƙara. Kafin watan Afrilu ya ƙare sun watse, sun nufi arewa, garin ya koma shiru.

Tirelar da ake magana ba irin ta dakon siminti ba ce. Ɗaki ne a kan tayoyi, tsawonsa daga mita biyar zuwa goma ko fiye, ana ɗaura shi a bayan a-kori-kura ko wata mota mai ƙarfin ja. A cikinsa akwai gado, da murhun gas, da firji, da ɗan banɗaki, da tankuna uku a ƙasa: na ruwan sha, na ruwan wanka da wanke-wanke, da na bayan gida. Abin da ya sa da yawa suka fi son ta a kan babbar motar nan da gida da inji suke haɗe shi ne araha, sannan idan an isa zango ana kwance ta a ajiye, a shiga gari cefane da motar kaɗai.

Mai karatu Bahaushe ba zai rasa mamaki ba. A wurinmu tsufa zama ne: mutum ya gama yawon duniya, ya dawo ƙofar gidansa, jikoki suna hawa da sauka a jikinsa, ana zuwa gaishe shi ana neman shawararsa. To me zai sa dattijo ɗan shekara sittin da biyar ya sayar da gidan da ya yi shekara talatin yana biyan bashinsa, ya raba kayan ɗaki, ya koma kwana a akwatin ƙarfe? Amsar da masu tallar tirela suke bayarwa kalma ɗaya ce, 'yanci: ba maigida, ba maƙwabci, ba agogo, kai da hanya kawai. Ni kuwa ina ganin wannan amsa ta ɓoye fiye da abin da ta bayyana. Duk wanda ya duba al'adar da kyau zai ga ba ta tsaya a kan mutum ɗaya ba. A kan dukiyar jama'a ta tsaya, kuma abin da tsofaffin suke samu a cikinta ba kaɗaici ba ne, maganin kaɗaici ne.

Al'adar ta tashi tare da mota. Tun a 1919 wasu masu yawo da ƙananan motoci suna kwana a gefen hanya suka kafa ƙungiya a Tampa ta jihar Florida, aka yi musu laƙabi da 'yan yawon gwangwani. A shekarun 1930 Wally Byam ya kafa kamfanin Airstream, wanda tirelolinsa masu jikin alminiyam mai ƙyalli suka zama tambarin wannan rayuwa har yau. Byam bai tsaya ga sayar da kaya ba, ayari yake haɗawa. A 1959 ya jagoranci tireloli 41 daga Cape Town suka ratso Afirka ta Habasha da Sudan har Alƙahira. Tun daga tushe ke nan, tafiyar ta ayari ce.

Amma sha'awa kaɗai ba ta ɗora tsoho a kan hanya. A 1935 Shugaba Roosevelt ya sa hannu a dokar fanshon tsufa ta ƙasa, wadda a yau ma'aikaci ke iya fara karɓa tun yana da shekara 62. A 1965 aka ƙara da inshorar lafiya ta Medicare ga wanda ya kai 65, kuma tsarinta na asali yana aiki a kowace jiha, ba sai a garin da mutum ya yi aiki ba. Kuɗin fanshon suna shiga asusu kowane wata ko kana Montana ko kana bakin iyakar Meziko. Ba a buƙatar tsoho ya je ya tsaya a layi don a tabbatar yana raye. Duk wanda ya taɓa raka mahaifinsa bin sawun fansho a ƙasashenmu ya san girman wannan magana. A tsakanin dokokin nan biyu, a 1956, Shugaba Eisenhower ya amince da gina manyan hanyoyin da suka haɗa jihohi, kimanin mil 41,000, masu faɗi, marasa kwana mai tsanani, irin waɗanda mai shekara saba'in zai iya jan tan uku a kansu hankalinsa kwance.

Sai kuma ƙasa, wadda ita ce ta fi ba ni sha'awa. Gwamnatin tarayyar Amurka tana riƙe da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na faɗin ƙasar, mafi yawansa a yamma. Hukumar kula da filayen gwamnati kaɗai tana da kimanin eka miliyan 245, kuma a yawancinsu kowa na iya kafa zango kyauta har kwana 14 kafin ya matsa gaba. A kusa da Quartzsite an ware wuraren dogon zama inda ake biyan kuɗi sau ɗaya a zauna daga tsakiyar Satumba zuwa tsakiyar Afrilu. Gandun dajin ƙasa kuwa, irin su Yellowstone da aka keɓe a 1872, ɗan ƙasa mai shekara 62 yana sayen katin shigarsu na har ƙarshen rayuwa. Dala 10 ne a da, ya koma dala 80 a 2017. Dattijon da ke zaune a bakin tirelarsa yana cewa bai dogara da kowa ba, yana faɗin haka ne a kan filin jama'a, bayan ya biyo hanyar jama'a, da kuɗin da asusun jama'a ya turo masa. Ba laifi ba ne, guminsa na cikin abin da ya gina su. Amma a kira abin da sunansa.

Kuma ba kowa aka buɗe wa wannan hanya a lokaci ɗaya ba. Shekarun da fararen fata suke koyon kwana a gefen titi, baƙar fatar Amurka na tafiya ne da littafin jagora da Victor Green ya fara bugawa a 1936, mai nuna masaukai da gidajen mai da za su karɓe shi ba tare da wulaƙanci ba. A gandun dajin Shenandoah na jihar Virginia har zango daban aka ware wa baƙaƙe. Al'ada gado ce. Yaron da bai taɓa kwana a daji da iyayensa ba da wuya ya yi mafarkin haka don tsufansa. Shi ya sa har yanzu fararen fata suka fi yawa a zangunan nan, ko da yake abin yana sauyawa.

A kan batun zumunci, aikin da ya fi gamsar da ni shi ne na Dorothy da David Counts, mata da miji masana halayyar al'ummomi daga Kanada. Sun yi shekaru suna bincike a ƙauyukan Papua New Guinea, daga baya suka shiga tirela suka zauna cikin tsofaffin ƙasarsu da na Amurka, suka fitar da littafi a 1996. Abin da suka tarar shi ne mutanen da suka shekara da shekaru a unguwannin da maƙwabci bai san sunan maƙwabci ba, sun zo zango sun koma rayuwar cuɗe-ni-in-cuɗe-ka. Baƙo na isowa, kafin ya gama ja da baya wani ya fito yana yi masa ishara da hannu. Da la'asar a fito da kujeru a yi da'ira. A sa ranar da kowa zai kawo tukunyarsa a ci tare. Wanda ya iya lantarki ya duba wa gwauruwa batirinta, ita kuma ta aiko masa da abinci. Ba a cika tambayar mutum muƙamin da ya riƙe ba. Daga ina ka fito, ina ka nufa, yaya hanyar take, su ne gaisuwar. Wannan ya yi kama da zangon fatake na da, inda hanya ce take haɗa mutane ba dangi ba, kuma kowa ya san gobe shi ma zai buƙaci hannu.

Dalilin da ya sa wannan yake da nauyi shi ne irin tsufan da suke gudu. 'Ya'ya sun watsu a jihohi daban-daban, aiki ya ƙare, abokan aiki sun ɓace tare da shi, sanyi ya kulle mutum a ɗaki wata huɗu shi da talabijin. Tirela tana ba wa kaka damar ta je ta yi sati biyu a ƙofar gidan ɗanta, ta ga jikoki, ta kwana a gadonta, ba ta takura wa suruka ba. Ina ganin wannan dabara ce mai kyau ta mutanen da tsarin rayuwarsu ya raba su da danginsu, ba gudun dangi ba.

Rayuwar ba hutu ba ce zalla. Dole kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirela ya sauka a kan maɗaurinta. Idan kaya suka yi yawa a baya, babbar mota na giftawa sai ta fara lilo, kuma lilon nan ya kifar da mutane da dama. Mota mai ja tana shan mai kusan ninkin yadda ta saba. Tankin bayan gida kuwa, mai shi ne zai kai shi wurin zubarwa ya buɗe da hannunsa, ko shi tsohon alƙali ne. Sannan hukuma ba ta san mutum marar adireshi ba. Ƙungiyar Escapees, wadda Joe da Kay Peterson suka kafa a 1978, ta shahara ne da karɓar wasiƙun membobinta a Livingston ta jihar Texas tana tura musu duk inda suke. Da yawa kan mai da Texas ko Florida ko Dakota ta Kudu jiharsu a takarda, don jihohin nan ba sa karɓar harajin kuɗin shiga. Da yake Medicare ba ta ɗaukar yawancin aikin haƙori, da hunturu za ka ga layin tsofaffi suna tsallakawa da ƙafa zuwa Los Algodones a Meziko, inda likitocin haƙori suka cika gari.

A bayan duk wannan akwai babbar sana'a. Yankin Elkhart na jihar Indiana ne ke ƙera mafi yawan waɗannan gidaje masu taya, kuma a 2021, bayan kullen korona, masana'antar ta fitar da kimanin 600,000 a shekara ɗaya. Tallarta tana nuna tsofaffi biyu suna murmushi a bakin tafki. Ba ta faɗin cewa gida na ƙasa darajarsa kan hau, tirela kuwa tun ranar da ta bar wurin dillali take faɗuwa. Wanda ya sayar da gidansa ya zuba kuɗin a cikinta, ya yi shekara goma yana yawo, zai iya waiwayowa ya tarar gidajen haya ma sun fi ƙarfinsa.

Nan ne al'adar ta rabu biyu, kuma duk nazarin da ya tsallake wannan bai yi adalci ba. Bayan durƙushewar tattalin arziki ta 2008, dubban Amurkawa masu shekaru sun rasa gidaje da ajiyarsu, suka koma mota ba don sha'awa ba. Jessica Bruder ta bi su ta rubuta Nomadland a 2017, fim ɗin da aka yi daga littafin ya ci babbar kyautar Oscar a 2021. Ta nuna masu shekara sittin da saba'in suna bin aikin lokaci-lokaci: tsaron zango da rani, girbin gwozar sukari a Dakota ta Arewa da kaka, ɗaukar kaya a rumbunan Amazon gab da Kirsimeti, suna kwana a harabar kantunan Walmart a tsakanin aiki da aiki. A Quartzsite su ma suna nan, nesa kaɗan da masu tirelar dala dubu ɗari. Rana ɗaya ke faɗuwa a kansu, amma ɗaya yana da gidan komawa, ɗaya ba shi da shi. Kiran su duka masu 'yanci rufa-rufa ce a kan tsadar haya da ƙarancin fansho.

Ƙarshen tafiyar kuma jiki ne ke yanke shi. Ido ya raunana, ko miji, wanda galibi shi ke tuƙi, ya rasu ya bar mata da tirelar da ba ta saba ja ba. Yawanci a nan ake sayar da ita a koma kusa da 'ya'ya ko gidan kula da tsofaffi. Kay Peterson, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ta hango wannan tun da wuri. A shekarun 1990 ƙungiyarsu ta buɗe cibiya a Livingston inda tsohon da ya kasa tuƙi ko yake jinya zai ajiye tirelarsa ya ci gaba da kwana a cikinta, a ba shi abinci, a kai shi asibiti. Da yawa daga masu yi musu hidima 'yan sa-kai ne daga cikin matafiyan da har yanzu suke da ƙarfi, suna tsayawa su yi wata guda suna aiki kafin su ci gaba da tafiya.