Molekul Masu Jera Kansu: Wannan Aiki Sai Jinjina!

'Yan'uwana masu kwana a kan hotunan na'urar STM mai hango atam, ku matso, yau yabo zan yi ba ƙaƙƙautawa. Dukkanmu muna sara wa Don Eigler, wanda a 1989 ya tura atam 35 na zenon ɗaya bayan ɗaya har ya rubuta IBM a kan nikel. Gwaninta ce, babu musu. Amma a wurina kambun yana kan molekul ɗin da ba mai tura su, da kansu suke shiga sahu.

Ku sake buɗe aikin Jami'ar Nottingham na 2003, na su Peter Beton da Neil Champness. Sun turara molekul iri biyu, PTCDI mai siffar sanda da melamin mai kusurwa uku, a kan silikon mai rufin azurfa, sai ga raga shimfiɗaɗɗiya, tsararriya, tsaf-tsaf kamar saƙar zuma, kowane melamin yana riƙe da sanduna uku, kowace mahaɗa da ɗaurin haidirojin uku. Tubarkalla! Abin da ya fi tafiya da ni, rashin ƙarfin ɗaurin ne sirrin: wanda ya zauna a karkace sai ya saki, ya zame, ya sake gwadawa har ya dace. Da aka zuba ƙwallayen kabon C60 kuwa, sai suka cika ramukan bakwai-bakwai, shida a kewaye, ɗaya a tsakiya. Nan na miƙa wuya.

To ina kuma zirin girafin na 2010, na su Roman Fasel a Empa ta Suwizalan da Klaus Müllen? A ɗora molekul masu buromin a kan farantin zinare, a ɗumama shi zuwa digiri 200, buromin ya fice, molekul su ƙulla sarƙa. A kai 400, haidirojin ya tashi, sarƙar ta baje ta zama ziri siriri, miƙaƙƙe, mai sumul ɗin gefe, faɗinsa atam bakwai cif. Wane almakashi zai yanka haka?

Ƙorafina biyu ne. Launukan nan masu ɗaukar ido kwamfuta ce ta shafa, na'urar tudu da kwari kawai take bi. Sannan yawancin wannan kyau sai a akwatin da aka zuƙe wa iska tas yake samuwa.

Duk da haka, wanda bai ga hoton C60 bakwai ɗin nan ba ya neme shi yau, ya tura wa ɗalibin kimiyya mafi kusa da shi.