Jinjina ga Masu Awon Jini a Ɗakin Gwaji

Gano ƙarancin bitamin da ma'adinai a jiki aikin ma'aikatan ɗakin gwaji ne, kuma ingancinsa yana farawa tun daga ɗibar jini. Haske yana lalata bitamin A, shi ya sa ƙwararren ma'aikaci ke lulluɓe kwalbar jinin nan take.

Gwanintarsu ta fi fitowa wajen awon sinadarin ƙarfe. Feritin, ma'ajiyarsa a jiki, yana hauhawa idan zazzaɓin cizon sauro ya kama mutum, har ya ɓoye ƙarancin. Don haka sukan haɗa da gwajin CRP, wanda ke nuna ko akwai kumburi a jiki. Ga yaro ɗan ƙasa da shekara 5, iyakar ƙarancin feritin a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya mikirogiram 12 ne a lita, amma 30 idan yana fama da ciwo.